Gafara ba ta share haƙƙi: yadda Kiristocin Nijar ke fassara yafiya tun bayan ƙona majami'u a 2015

A ƙasar nan babu maganar da ta kai "a yi haƙuri" yawo a bakin mutane. Shanu sun shiga gona, a yi haƙuri. An cinye gadon maraya, a yi haƙuri. An tare mutum a hanyar kasuwa an kashe shi, a yi haƙuri. To amma wa ke da ikon faɗin wannan magana? Kuma in an yi haƙurin, shi ke nan zance ya mutu? Maƙwabtanmu Kirista sun daɗe suna juya waɗannan tambayoyi, musamman tun abin da ya same su a watan Janairun 2015. Yau za mu duba amsar da suke bayarwa da inda suka samo ta, don tana da amfani ga duk wanda ke zaune a jahar Tilaberi a wannan zamani na tashin hankali.

Su wane ne Kiristocin Nijar?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kirista ba su kai mutum 1 cikin 100 ba a ƙasar nan. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan suka buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda har gobe marasa lafiya ke zuwa daga ko'ina. Daga aikinsu ne majami'ar EERN ta fito a farkon shekarun ƴancin kai. Su kuwa ƴan Katolika, Fada François Faroud ne ya kafa mishan ɗinsu na farko a Yamai a 1931. Yau suna da manyan mazaɓu biyu, ta Yamai da ta Maraɗi wadda aka kafa a 2001.

A jaharmu an fi samun Kirista a wajajen Makalondi da Torodi cikin Gurmawa, da kuma Dolbel a yankin Tera. A maƙwabtanmu na Arewa akwai tsohuwar mishan ta Katolika a Dogondutsi. A garuruwa irin namu kuwa, galibi ma'aikata ne da aiki ya kawo: malaman lakwal, ma'aikatan jinya, sojoji, ƴan kasuwa. Wato dai mutane ne da muke cuɗanya da su kullum, muna ci musu naman Nowel suna ci mana na layya, amma ba kasafai muke sanin abin da suke tattaunawa a tsakaninsu ba.

Kwana biyu na Janairu

Ranar 7 ga Janairun 2015 aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, aka kashe mutum 12. Ranar 11 ga wata shugaba Mahamadou Issoufou ya shiga macin da aka yi a can tare da wasu shugabannin duniya. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), abin da ya ɓata ran Musulmi a duk duniya.

Ranar Juma'a 16 ga wata zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da majami'u. Washegari Asabar wutar ta kama Yamai. Mutum 10 suka rasu, 5 a Damagaram, 5 a Yamai. Ƴan sanda sun ce a Yamai kaɗai an ƙona majami'u 45, otal 5, mashaya 36, gidan marayu 1 da makarantar Kirista 1, kuma an kama mutum 189. A Damagaram ɗaruruwan Kirista sun fake a barikin soja. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu a zanen, yawancinsu ko jaridar ba su taɓa gani ba. Laifin wani a wata ƙasa aka ɗora musu. Kuma kada mu manta da ɗaya ɓangaren labarin: Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, malamai sun fito a talabijin suna kiran a kwantar da hankali, shugaban ƙasa da kansa ya ce masu wannan ɓarna ba su fahimci Musulunci ba.

Me shugabannin Kirista suka yi? Na Katolika, wato Michel Cartatéguy da Laurent Lompo a Yamai da Ambroise Ouédraogo a Maraɗi, sun dakatar da ayyukan makarantu da wuraren jinyarsu na wani ɗan lokaci, sannan suka aika wa al'ummar Musulmi saƙon sabunta zumunci, suka gode wa waɗanda suka tsaya musu. Fastocin sauran majami'u ma sun yi ta wa'azin gafara, wasu a tsaye cikin tokar gine-ginensu. Ba a ji an ɗauki fansa a kan masallaci ko ɗaya ba. A watan Yunin wannan shekara aka ɗora Laurent Lompo, ɗan yankin Makalondi, a kujerar babban bishop na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta.

Me suke nufi da gafara?

Wani zai ce ai tsiraru ne, ba su da ƙarfin ramawa, dole su ce sun yafe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganar ta wuce nan, don gafara tana cikin ginshiƙan addininsu. A addu'ar da suke kira Addu'ar Ubangiji, wadda yaro ke haddacewa tun yana ƙarami, mai roƙo yana ɗaure gafarar da yake nema wurin Allah da wadda shi ma ya yi wa mutane. A Linjilar Matiyu sura 18, Bitrus ya tambayi Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ko yafiya sau 7 ta isa. Amsar da ya samu ta ninka wannan adadi ninkin-ba-ninkin, ma'ana a daina ƙirga. Sai aka biyo da misalin baran da sarki ya yafe wa bashin da ba zai iya biya ba har abada, shi kuwa yana fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan ƴan kuɗi kaɗan.

Idan aka tattara bayanin malamansu, abubuwa uku ke fitowa. Na farko, gafara ita ce mutum ya ajiye haƙƙinsa na ramuwa, ya daina fatan sharri ga wanda ya cuce shi. Na biyu, niyya ce da ake ɗaurawa tun zuciya ba ta huce ba, don ciwon kan ɗauki shekaru. Na uku, wanda aka cuta ne kaɗai ke da ita. Ba a yafewa a madadin wani, ba a kuma ƙwace ta da tsiya.

Akwai misali a jaharmu. Daren 17 ga Satumban 2018 ƴan bindiga suka sace Fada Pierluigi Maccalli, ɗan Italiya, a ƙauyen Bomoanga da ke yankin Makalondi. Ya yi fiye da shekara 2 a hannunsu, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, sai a watan Oktoban 2020 aka sake shi a Mali. Bayan fitowarsa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yafe musu. Bai taɓa cewa abin da suka yi daidai ne ba. Ya ƙi dai ya ci gaba da zama fursunansu a cikin zuciyarsa.

To, haƙƙi fa?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A koyarwar Kirista gafara daban, sulhu daban, hukunci daban. Mutum ɗaya na iya yafewa shi kaɗai a ɗakinsa. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, sai mai laifi ya amsa laifinsa ya gyara abin da ya ɓata. Hukunci kuma aikin hukuma ne. A wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 12 ta hana mai bi ɗaukar fansa da hannunsa, sura 13 da ke biye da ita kuma ta ce an ba mahukunta iko ne don su hukunta mai mugunta. Kun ga ke nan an karɓe sanda daga hannun mai fushi, an miƙa wa alƙali, ba a jefar da ita ba.

Labarin da suka fi kawowa a nan shi ne na Zakka, a Linjilar Luka sura 19. Babban mai karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da guminsa da na wasu. Da ya tuba bai tsaya ga kuka da neman afuwa ba: ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki 4. Sai bayan wannan ne aka shaida masa ceto. Akwai kuma labarin Bulus a birnin Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16. An yi masa bulala an kulle shi ba tare da shari'a ba, da gari ya waye aka aiko a sallame shi a ɓoye. Ya ƙi fita, ya ce sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu. Suka zo, suka ba shi haƙuri.

A zamaninmu ma an gani. Ranar 13 ga Mayun 1981 wani Baturke mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na 2 a birnin Roma. Fafaroman ya yafe masa, har ya je ya same shi a kurkuku a watan Disamban 1983. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000. Yafiyar ta tsaya, hukuncin ma ya tsaya.

Saboda haka Kiristan da ya ce ya yafe wa waɗanda suka ƙona masa majami'a bai saɓa wa kansa ba idan ya nemi a yi bincike, a biya diyya, a kuma hana sake aukuwar abin. Kuma abin ya sake aukuwa: a watan Mayun 2019 an kai hari majami'ar Katolika ta Dolbel aka raunata limaminta, a watan Yuni kuma aka ƙona wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani malami da ya soki dokar tsara harkokin ibada.

Gyara kayanka

Inda tunanin ya fi zafi shi ne idan Kirista suka juyo da madubin kansu. Majami'a tana da tsarinta na zaman tare: dattawan ikilisiya, zumuntar mata, ƙungiyar matasa, baikon ranar Lahadi, da horon da ake yi wa wanda ya yi laifi, kamar a dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji. Matiyu sura 18 ta shimfiɗa matakan sasantawa: ka fara samun wanda ya yi maka laifi ku biyu, in ya ƙi ka tafi da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban taro. Tsari ne mai kyau, kuma ya yi kama da yadda muke bi daga mai unguwa zuwa maigari zuwa fadar sarki.

Sai dai masu wa'azi a cikinsu kan yi tambayoyin da ba su da daɗin ji. Idan yarinya ta yi cikin shege aka tsayar da ita gaban jama'a, ina namijin? Idan matar da ake duka ta kai kuka, me ya sa ita ake fara karanta wa ayoyin haƙuri? Idan mai kuɗin da ya sayi kwanon rufin majami'a ya danne albashin yaron shagonsa, wa zai iya tunkararsa? Littafinsu bai bar musu mafaka ba. Wasiƙar Yakubu ta tsawata wa masu ba attajiri kujerar gaba su tura talaka gefe. Annabi Amos ya yi kaca-kaca da masu tauye mudu da masu sayar da matalauci a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce Allah ba ya karɓar bukukuwansu. Littafin Firistoci ya hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, ya kuma umarci mai gona ya bar kala don matalauci da baƙo.

Tarihinsu a Nijar ma bai rasa saɓani ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafin da ta fitar a 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda masu bi na farko suka yi ta ja-in-ja da ƴan mishan kan karatun ƴaƴansu da kan wa zai riƙe ragama. A wajajen 1990 kuma rikicin shugabanci ya raba EERN, wasu majami'u suka ɓalle. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma sau da yawa yafe wa baƙon da ya ƙona gini ya fi sauƙi a kan yafe wa ɗan'uwan da kuke zama benci ɗaya.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

A Afirka ta Kudu, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, an kafa hukumar gaskiya da sasantawa ƙarƙashin babban bishop Desmond Tutu, ta fara zama a 1996. Sharaɗinta shi ne, mai neman afuwa sai ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata. Fiye da mutum 7,000 suka nema, 849 kawai suka samu. Har yau akwai masu ƙorafin cewa an yafe wa masu laifi amma gonaki da dukiya ba su koma hannun masu su ba.

A Ruwanda, inda yawancin jama'a Kirista ne, an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100 a 1994, wasu a cikin majami'un da suka fake kamar na Nyamata da Ntarama. Daga 2002 zuwa 2012 kotunan gargajiya da ake kira gacaca sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2 a dandalin ƙauyuka, inda amsa laifi ke rage hukunci. A watan Maris na 2017 Fafaroma Francis ya nemi gafara kan gazawar majami'a da ƴaƴanta a wannan kisa. Mai wa'azin gafara ma ranar neman tasa kan zo.

Kusa da mu, a Kaduna, akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Fasto ya rasa hannunsa na dama, Imam ya rasa malaminsa da ƴan'uwansa 2. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanta rikicin addini, suka shiga tsakani a wurare kamar Yelwa da Shendam a jihar Filato. Su da kansu suna faɗin cewa yarda ba ta zo a rana ɗaya ba, sai da ta ɗauki shekaru.

Mu nan gida

Wannan magana ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba. Ranar 15 ga Maris 2021 aka kashe mutum 58 da ke dawowa daga kasuwar Banibangu. Ranar 21 ga Maris 2025 aka kashe masallata 44 a masallacin Fambita da ke Kokoru, ranar Juma'a cikin watan azumi. Masu bindiga ba sa tambayar inda mutum ke ibada. Kuma bayan kowane hari jarabawar iri ɗaya ce da ta 2015: a ɗora laifin wasu a kan ƙabila ko rugar da ba ta san hawa ba balle sauka. A watan Janairun 2023 al'ummomin Banibangu sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a tsakaninsu. Irin wannan takarda tana rayuwa ne idan wanda aka kora ya koma gonarsa, wanda aka kwashe wa dabbobi ya ga an kula da kukansa.

Haka abin yake a ƙananan rigingimunmu na Dallol Boso. Kowace kaka, daga Bonkuku zuwa Shikal, ana samun saɓani kan ɓarnar gona, kan burtalin da aka nome, kan fadamar dankalin turawa, kan rijiya. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, sarakunan gargajiya kuma suna da ikon sasantawa kafin a je kotu. Sulhun da ke ɗorewa shi ne wanda aka je aka ga ɓarnar da ido, aka ƙiyasta ta, aka biya, sannan aka ce a yafi juna. In aka fara da "a yi haƙuri" aka ƙare da ita, manomi ko makiyayi zai tashi da abin a ransa, baɗi kuma a ji shi da sanda.

Sai kuma tsofaffin raunuka da ba a son taɓawa, irin na bauta da raina asali. Hadijatou Mani an sayar da ita tana da shekara 12. Shekaru ta yi tana jin a yi haƙuri. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoban 2008 ta ce ƙasar Nijar ta gaza kare ta, ta kuma sa a biya ta miliyan 10 na sefa, alhali tun 2003 doka ta mai da bauta babban laifi. Ko za ta yafe wa wanda ya riƙe ta, wannan tsakaninta da Allah ne. Ƴancinta kuwa bashi ne da ke wuyan kowa.

Labarin Yusufu, wanda Kirista ke karantawa a Littafin Farawa, Musulmi kuma a surar da ke ɗauke da sunansa, kowa ya san shi a nan. Ya yafe wa ƴan'uwan da suka jefa shi rijiya, ya ciyar da su a shekarun yunwa. Amma kafin ya bayyana musu kansa sai da ya jarraba su a kan ƙaninsa, sai da laifin ya fito fili aka kira shi da sunansa.

Saboda haka, jama'a, duk ranar da aka kira mu shiga tsakani, a fada ne ko a gindin bishiya, kafin mu buɗe baki mu ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri, mu fara juyawa ga ɗayan mu tambaye shi abin da zai mayar. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da ƴan gudun hijira gidajensu.